Sabuwar sarƙar injin casa tana kuka tana cin gefe: 12A da 12B duk ɗaya ne?

Manomin Fadamar Suru:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu sanin ƙarfe, don girbin shinkafar rani ya kama, ni kuma injina yana zaune gindin dalbejiya an rufe shi da tamfol.

Injin casa ne ɗan China, na saye shi na hannu. Bel ne ke juya babbar gangar, amma daga ganga zuwa dodon kodin (ƙarfen nan mai murɗe) da ke turo shinkafa cikin buhu sarƙa ce, sifoket biyu, wato faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa, ƙarami da babba. Tsohuwar sarƙar ta saki har abin tsuke ta ya kai ƙarshe, ranar nan kuma ta tsinke muna tsakiyar aiki a gonar wani bawan Allah. Na goge ganyenta, wato fallen ƙarfen gefen gaɓa, da kananzir, na ga an buga 12A. Na aika yaro shago da guntunta, mai shagon ya auna su gefe da gefe, ya ce ai sha biyu sha biyu ce, ya yanko mana wadda aka buga wa 12B. Tsawon gaɓoɓinsu kam daidai yake, na gani da idona.

To tunda muka ɗaura ta ba lafiya. Da hannu ma sai ka danna kafin ta zauna kan haƙori. In an tada inji tana wani kuka siriri, wajen fita daga ƙaramin sifoket kuma sai ta maƙale ta fizge. Cikin ganyayenta ya goge yana ƙyalli, akwai garin ƙarfe a jiki. Wani abin kuma, makullin tsohuwar sarƙar da na ajiye, wato gaɓar da ake haɗa bakinta biyu da ita, ya ƙi shiga sabuwar sam. Mai shago ya ce in sa giris zai daina. Na sa, bai daina ba, na kashe inji.

Jabu aka ba ni ko girman ne ba ɗaya ba? Kuma ina ake samun ta kirki, Jega, Birnin Kebbi, ko sai Kano? Hadari ya fara haɗuwa da yamma, mutane sun tara dammuna suna kirana.

Bakanikan Jega:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Kashe injin da ka yi shi ne daidai. Wagga sarƙa ba lallai jabu ba ce, ba ta injinka ba ce kawai.

Tsari biyu ne ke yawo a kasuwa. Mai A tsarin Amurka ne, mai B tsarin Ingila da Turai. 12A ita ce ake kira lamba 60, kamar yadda 08A take lamba 40, 10A lamba 50, 16A lamba 80. Abin da ke ruɗin mutane, tazarar da ke tsakanin fin da fin, wato ƙusoshin da ke riƙe gaɓoɓi, ɗaya ce a 12A da 12B, milimita 19.05, wato kashi uku cikin huɗu na inci. Shi ya sa in an jera su a kan kanta sai ka rantse ɗaya ne. Bambancin shina ciki. Faɗin cikin 12A, inda haƙori ke shiga, ya kai kusan milimita 12.6, na 12B bai wuce 11.7 ba. Shi kuma haƙorin sifoket ɗin lamba 60 kaurinsa wajen 11.7 ɗin ne. Ka ga babu sarari ko na gashi, dole ta cije haƙorin ta gefe biyu. Ƙyallin da ka gani a cikin ganye shi ne shaida. Ƙwayar 12B ma, wato zoben da ke juyawa a tsakiyar gaɓa, ta ɗan fi kauri, 12.07 a kan 11.91, ba za ta kwanta gindin haƙori yadda ya kamata ba.

Makulli kuwa ba zai taɓa shiga ba, don fin ɗin 12A ya fi na 12B kauri. Kar ka bari wani ya ce zai buga shi da guduma ko ya buɗe ramin da dirila.

Amma Alhaji kafin ka sake kashe kuɗi, duba sifoket ɗinka. Ka ce tsohuwar ta saki har abin tsukewa ya ƙare. Sarƙa ba roba ba ce da za ta miƙe, fin ne da bututun da yake juyawa ciki ke cinyewa, kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo. Da ta ƙaru sai ta daina zama gindin haƙori, ta riƙa hawa sama tana sassaƙe shi, har haƙorin ya lanƙwashe gefe ɗaya kamar bakin lauje. In naka sun kai haka, ko sarƙar Tsubaki ta Japan ka ɗaura za su lalata ta kafin ka gama girbin bana. Ƙaramin ne ke fara mutuwa, don ya fi yawan zagaye.

Ga yadda za ka san tsohuwar ta wuce iyaka. Shimfiɗa ta a kan katako, ka ja ta ta miƙe tsam. A lamba 60, daga tsakiyar fin na 1 zuwa tsakiyar fin na 17 inci 12 ne cif in sabuwa ce, kusan milimita 305. In ka samu 314 ko fiye, ta ƙaru da kashi 3 cikin 100, wannan ita ce iyakar da masu ƙera ta suka sa, kuma da wuya sifoket ya tsira. Turo mana abin da ka samu.

Ɗan Kasuwa Mai Sifiya:

Duk abin da ubangidana na Jega ya faɗa haka yake. Sai dai a yi mana adalci mu masu shago. Da yawa ana turo mana yaro da guntun sarƙa baƙi ƙirin, lamba ta goge, ya ce “irin wannan, mai sauƙin kuɗi”. Tun da naira ta faɗi a 2023 kayan ƙarfe suka yi tashin gwauron zabi, kowa kuma mai araha yake tambaya, to mai araha za a kawo. Amma wanda ya ga A ya ba da B ya ce ɗaya ne, wannan kam bai san kayansa ba.

Shawarata, Alhaji, ka zo da kanka, ka kwance ƙaramin sifoket ka riƙo shi. A shago ka naɗa sarƙar a jikinsa. Ta gaskiya za ta kwanta da kanta, kuma za ka iya ɗan girgiza ta gefe da gefe. Ka duba lambar a jikin ganye, kar ka tsaya kan ta kwali, don kwali ana sauya shi. Ka murza ƙwayar da yatsa ka duba ko akwai tsaga a tsawonta: mai tsaga naɗe ta aka yi, marar tsaga ta fi jure duka. Ka lanƙwasa sarƙar ta gefe, sabuwa mai kyau ba ta tanƙwarewa kamar baka sosai. Kawunan fin su zama a dake daidai, ba wani ya fito wani ya shige ba.

Galibi a kwali take zuwa ƙafa 10, gaɓa 160 ke nan a lamba 60. In da hali ɗauki kwalin gaba ɗaya da makulli biyu ko uku, ya fi yanka-yanka sauƙi, ragowar kuma tana nan ranar da za ta tsinke maka a fadama. Kar a raina kayan China gaba ɗaya, suna da aji-aji, Donghua ta asali tana aiki. Lamba 60 ba baƙuwa ba ce, ka fara tambaya a Jega da Birnin Kebbi. In ba a dace ba, Ƙofar Ruwa a Kano, direba zai taho maka da ita. Akwai kuma 60H mai kaurin ganye, sifoket ɗaya suke hawa da 60, amma makullinta daban ne, kuma sai ka tabbata ba za ta goga jikin inji ba.

Yaron Inji Argungu:

Baba ni maganar giris ɗin nan ce ta tsaya min. Mu da ke tsaye bakin inji mun san abin da ƙaiƙayi ke yi. Giris ba ya shiga cikin fin inda ake buƙatarsa, a waje yake zama, ƙurar shinkafa da yashin fadama su manne masa, su zama abin gurza. Ƙaiƙayin shinkafa kaifi gare shi, dubi yadda yake cin ƙarfen ganga. Baƙin mai sabo muke ɗigawa tsakanin ganye da ganye da yamma in an tashi aiki, sarƙa na da ɗumi, inji a kashe. Da safe a share na wajen da tsumma. Kuma a mayar da murfin sarƙar, kusan duk injin da na gani an cire an jefar. Banda ƙura, babbar riga da mayafin mata masu sheƙa suna kusa da wurin.

Kar kuma a ɗaure ta tamau. In tsakanin sandunan da sifoket biyun ke kai rabin mita ne, a bar mata wasan santimita ɗaya zuwa biyu a ɓangaren da ba ya ja. Mai tsananin ɗauri boris take kashewa.

Bakanikan Jega:

Yaro ya yi gaskiya. Ƙarin biyu. Kilif ɗin makulli, rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya, in aka juya shi wani abu na taɓa bakin zai fice. Sannan a ƙirga gaɓoɓi su zama cif-cif bibbiyu, a guji rabin gaɓa in da hali, nan ne wuri mafi rauni. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifoket biyun kuma ka ga ko suna layi ɗaya, injin da ya sha keken shanu da kwalta mai ramuka yakan goce.

Manomin Fadamar Suru:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na auna tsohuwar yadda ka ce, Malam, fin na 1 zuwa na 17 ya ba ni 316. Ƙaramin sifoket haƙoransa sun kwanta gefe ɗaya, biyu ma sun yi tsini. Babban da sauƙi, gindin haƙoran bai zurfafa ba, layinsu kuma daidai yake. Na kwance ƙaramin yana cikin buhu, gobe in Allah ya kai mu zan shiga Jega da shi. Ita 12B ɗin an riga an yanka, mai shago ya ce ba ya karɓa, duk mai inji ɗan Turai ko Indiya da lambarsa ta dace ya yi min magana mu daidaita.

Saura tambaya ɗaya. Haƙoran ƙaramin 15 ne. In ban samu mai ramin da ya dace da sandata ba, in sayi mai ƙaramin rami a buɗe min a wajen masu injin fiƙe ƙarfe a fitar da gurbin ki, ɗan ƙarfen da ke kulle shi da sanda, ko in jira na Kano?

Bakanikan Jega:

Sayi mai haƙori 15 na lamba 60, a buɗe maka a kan lez, injin fiƙe ƙarfen da ka faɗa, aikin awa ɗaya ne. Ka riƙo sandar ko tsohon sifoket su auna a jiki. Kar dai ka yarda a yi maka walda a kan sanda, ran da zai sake cinyewa sai an yanke ta. Babban ka bar shi ya ƙarasa girbin bana tunda da sauransa, ka canza kafin na damina.