Neman kalma: me za mu kira progressive rock da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassara, ku kawo ɗauki. Ina rubuta tarihin Yes, ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila, sai na maƙale a sunan salon kiɗansu. Na ga wani wuri an sa "kiɗan dutse mai ci gaba", abin ya tsaya mini a rai. Babu dutse a zancen, daga rangaji sunan ya samo asali. Gara mu ari kalmar, mu rubuta ta "rok".

2/ "Ci gaba" ma bai zauna ba. Bahaushe in ya ji ci gaba, titi da asibiti da lantarki yake tunawa. Su kuwa makaɗan nan nufinsu su tsallake iyakar waƙar minti uku da gidajen rediyo suka saba sakawa.

3/ Jon Anderson mai rerawa da Chris Squire mai jitar bes ne suka kafa Yes a Landan a 1968. Steve Howe mai jita ya shigo a 1970, Rick Wakeman mai kiɗan kibod a 1971. A 1972 suka fitar da kundin Close to the Edge, waƙar da ke ɗauke da sunan kundin ta fi minti 18, ta cinye fuska guda ta faifai. Da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa take farawa, sai jita da ganguna su ɓarke kamar ana tsere. Can tsakiya komai ya lafa, muryoyi su yi ƙasa, sannan babban ogan ɗin coci ya taso ya cika kunne. Kashi huɗu ce, kowanne da sunansa. Wannan fasalin nake so sunan ya kama.

4/ Wani malaminmu ya kawo "rok ɗin bakandamiya". Malam, Allah ya ƙara basira, kalmar ta yi nauyin da ya dace. Sai dai bakandamiya waƙa guda ce da mawaƙi ya fi ji da ita, ba a kiran salo sukutum da ita.

5/ Wata 'yar uwa ta ce "rok mai dogon zango". Hajiya, kin kusa, amma tsawo kaɗai ya nuna, kuma mutane za su tuna finafinai masu dogon zango.

6/ Daga nata na samo nawa: "rok mai zango-zango". Waƙa ce da ke tafiya irin ta ayari, a yada zango, a huta, a tashi da sabon taki. Sunan har yana iya tantancewa: waƙarsu Owner of a Lonely Heart da ta kai su matsayi na ɗaya a Amurka, daga kundinsu na 1983, gajeruwa ce mai amshi, ba ta shiga ciki.

7/ Squire ya rasu a 2015, yau babu ko ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar a cikinta, amma Howe na riƙe da ragamar, sun ma fitar da sabon kundi a 2023. Zan sa "rok mai zango-zango" a rubutun da zan miƙa ranar Juma'a. Mai wadda ta fi ta, ya kawo kafin nan.