Tsohon Honda CG125 nake so in mayar irin baburan da, ta ina zan fara yanka?

Ɗan Anguwar Rogo:

Assalamu alaikum, masana ƙarfe. Akwai tsohon Honda CG125 a hannuna. Injin yana tashi amma yana ɗan hayaƙi, cikin tankin ya yi tsatsa, kujera ta yayyage. So nake in gyara shi a gida ya koma siffar baburan samarin Ingila na shekarun 1960: gajeren baya, kujera shimfiɗaɗɗiya layi ɗaya da ƙasan tanki, zagayayyar fitila, kai a ƙasa-ƙasa. Ina da giranda da sifanu, kuma akwai mai walda a layinmu. A ina zan yanke firam ɗin baya? In na cire akwatin iska na sa ƙaramar filta, akwai illa? Fenti kuma wane iri ne fetur ba ya cinyewa? A nan Jos za a riƙa hawansa.

Makaniken Farin Gada:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye girandar nan tukuna. Babur mai hayaƙi ba a fara masa kwalliya, don in ka gama fenti sannan aka zo sauke inji, sifana ce za ta kankare maka kuɗinka.

Duba launin hayaƙin. In shuɗi ne, baƙin mai yake ƙonawa. Idan da safe kawai yake yi, sai ya daina bayan minti biyu ko uku, robobin bakin bawul ne suka bushe, mai yana tsiyaya cikin silinda da dare. Idan kuwa ba ya dainawa, yana ƙaruwa in ka murɗa wuta, ringi ne ko silindar ta cinye. Faɗin fistin ɗin CG125 milimita 56.5 ne, kuma ana samun masu ƙarin 0.25, 0.50 har zuwa 1.00. Kada a zura sabon ringi a cinyayyiyar silinda a ce an gama. A kai wa masu boring su auna su yanka daidai da fistin ɗin da ka saya, fistin a hannunka, ba da baki ba.

Tazarar bawul milimita 0.08 ce, na shiga da na fita duka, ana aunawa inji na da sanyi, alamar T da ke jikin magneto tana daidai da layinta. Filogi D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Baƙin mai 20W-50 na babur, bai cika lita ɗaya ba, ka bi sandar awo. Injin nan ba shi da filtar takarda. Raga ce a bayan murfin da ake juye mai, sai wata mai juyawa a bayan murfin dama wadda take tara datti kamar laka. Kusan kowa mantawa yake da ta biyun, ita ce kuma take kashe tsofaffin CG.

Tanki: zuba noti kamar ashirin da kananzir ka girgiza sosai, ka juye, ka cika shi da ruwan kal ya kwana biyu, ka ɗauraye da ruwa mai bekin soda, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, ka shafe cikin da ɗan mai nan take don tsatsa ba ta jira. Ka sa ƙaramar filtar fetur a tiyo.

Mai Walda Bukuru:

Malam, kan yankan firam, abu ɗaya ka riƙe: bayan kunnuwan da shokozoba take ɗaure a sama, nan ne hurumin giranda. Daga kunnuwan zuwa gaba ba a taɓawa. Firam ɗin CG a buɗe yake ta ƙasa, injin kansa ne yake cike gurbin, don haka ba shi da ƙarfen da ya yi yawa da za ka ce bari in rage.

Kafin yanka, ɗora babur a kan katako tayar baya ta rataya, cire shokozoba biyun, ɗaga tayar har inda za ta kai in sun matse ƙarshe. Auna tsawon sandar da take shigewa a shokozobar, shi zai gaya maka iyakar. Duk abin da za ka ƙera a sama, ko lanƙwasasshen fayif ko farantin kujera ko akwatin batir, ya bar aƙalla santimita 2 sama da wannan wurin. Masu auna wa babur a tsaye ba kowa a kai su ne taya ke ci wa ƙasan kujera a ramin farko, kuma in ta kama farantin da gudu, tayar tsayawa take cak.

Fayif ɗin da za a lanƙwasa kamar ƙofar masallaci ya zama faɗinsa ɗaya da na firam, ka auna naka, yawanci wajen milimita 22 ne, kaurin jikinsa milimita 2. Ba fayif ɗin kujerar makaranta ba. In ba injin lanƙwasa, a ɗura masa busasshen yashi a toshe baki biyu, a gasa da wutar gas a lanƙwasa a hankali, yashin ne yake hana shi karyewa a gwiwa. Busasshe na ce, jiƙaƙƙen yashi tururi yake yi ya harbo toshin.

Wurin haɗawa kada a yi baki da baki kawai. A tura guntun ƙarfe mai tsawon santimita 6 zuwa 8 a ciki, rabi a tsohon fayif rabi a sabo, a huda rami ɗaya kowane gefe a cike da walda, sannan a zagaye. Lantarod geji 12 ko 14, wuta ƙasa-ƙasa, a ɗiɗɗiga dama da hagu bi da bi don kada zafi ya ja firam gefe ɗaya. A cire batir da akwatin CDI, mai tura wa filogi wuta, kafin a kunna injin walda.

Tanki kuwa, don Allah kada a kai masa wuta don an juye fetur. Tururin da ya rage shi ne bam ɗin. A wanke da omo da ruwan zafi sau da yawa, a cika shi da ruwa har kusa da wurin aikin.

Ɗan Anguwar Rogo:

Allah ya saka da alheri, Oga. To maganar filta fa? Wani ya ce min a Jos ba sai an canja jet, ɗan ramin da yake auna fetur a kafireta, ba.

Injiniya Rayfield:

Wanda ya faɗa maka yana da rabin gaskiya, ɗan'uwa. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, iskarmu ta fi ta Legas sirantaka da kashi goma da 'yan kai cikin ɗari. Kafireta ba ta san wannan ba, fetur ɗin da aka auna mata shi take bayarwa, shi ya sa babur da yawa a nan filoginsu baƙi ne. In ka cire akwatin iska ka sa buɗaɗɗiyar filta, iska ta ƙaru, sai abin ya zo kusa da daidai. Matsalar tana zuwa ranar da ka gangara Hawan Kibo ka nufi Akwanga ko Abuja. Can iska ta yi kauri, fetur ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi, kuma zafin nan bawul ɗin fita da kan fistin yake ci. In ka haɗa da buɗaɗɗiyar salansa abin ya ninka.

Gwajin ba wuya. Sabon filogi, inji ya yi zafi, ka ja shi a giyar ƙarshe wuta a buɗe a hanya mai ɗan hawa, ka kama kuloci ka kashe nan take ba tare da ya yi silo ba, ka cire ka duba. Launin ƙuli-ƙuli shi ake nema. Fari fat, ƙara babban jet mataki ɗaya. Baƙi mai kunkunniya, rage. In tsakiyar wuta ce take shaƙewa, allurar kafireta ce: sauke ɗan zoben da yake riƙe ta layi ɗaya, allurar ta ɗago, fetur ya ƙaru. Abu ɗaya ake canjawa a gwada, ba uku ba.

Ni dai a ganina ka bar akwatin ka rufe shi da murfin gefe mai kyau. Ƙurar hunturu tana wuce arhar filtar nan kamar ba komai, ta zama sanfefa a cikin silindar da ka biya kuɗin yankawa, ruwan Agusta kuma kai tsaye zai shiga kafireta tunda ka gajarta madigadi. In ka nace, sayi ta soso wadda ake shafa wa mai, ka riƙa wanke ta.

Makaniken Farin Gada:

Na yarda da Injiniya. Ƙari a kai: madigadin gaba ka rage tsawonsa amma kada ka cire ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyun, shi yake hana su murɗewa in ka taka birki. Taya mai faɗi a siririn rim tana tattarewa ta yi tsini, riƙon ƙasa ya ragu. Rim ɗin CG siriri ne, taya mai lamba 3.00 a baya ta isa, in kana son ƙato sai a sake rim a ɗaura sababbin sifok, ka kuma tabbatar sarƙa ba ta goga. Bayan ka sa gajeren kai, juya shi ƙarshen dama da hagu: kada ya matse yatsa a tanki, kuma wuta ta koma da kanta in ka saki. Tsofaffin kebul za su yi tsawo su lanƙwashe, a rage su.

Baba Mai Fenti:

Yaro, fentin gwangwani na feshi fetur yana narkar da shi, ɗigo ɗaya a gidan mai ya isa. Kankare tanki zuwa ƙarfe da sanfefa 180, cike lotsawa da bodi-fila siriri, firaima shafi biyu, goge da 600 da ruwa, launi shafi biyu ko uku, sannan kiliya, wato garau ɗin shafin ƙarshe, mai haɗin hadina da yake sa ta ƙarfi. Yawanci kiliya kashi biyu ne, hadina kashi ɗaya, amma bi abin da aka rubuta a gwangwanin. Tururinta yana illata huhu, takunkumin yadi ba ya tare shi, nemi mai gawayi ka yi a fili. Kada ka fesa da sanyin safiyar Jos ko ranar hadari, kiliya fari take yi kamar hazo. Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura. Bar shi mako guda kafin ka zuba fetur.

Lambar shasi tana jikin wuyan firam. Liƙa mata tef kafin giranda ko fenti su kai wurin, ta fito a karanta. Ka san an daɗe da hana acaba a cikin Jos da Bukuru, ido yana kan duk mai babur, balle wanda siffarsa ta bambanta. Rasit, takardun rajista da lamba su kasance daidai da abin da ke jikin ƙarfen, in ka canja launi ka je ofishin lasisi a gyara a takarda. Ka kuma bar wa lamba da jar fitilar baya da tirafiketa wurin zama tun lokacin walda, don in kujera ta riga ta hau, babu inda za ka ɗaura su sai ka sake ƙona fenti.