Rauta ko mararrabi? Sunan akwatin intanet na gida, da sunan ciwon da ke kama shi a bazara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Yau kalmar da nake so mu zauna a kanta ita ce router, akwatin nan mai ƙahonni biyu ko huɗu da 'yan fitilu masu ƙyaftawa, wanda ke ba mu intanet a gida. Na taso da ita ne saboda rashin sunan nan ya sa na yi sati biyu ina zargin wanda bai ci ba bai sha ba.

A bazarar nan, kullum da an idar da azahar sai intanet ɗinmu ya fara jan ƙafa, kafin la'asar ya ɗauke ɗif. Da dare kuwa lafiya lau. Kowa a gidan cewa yake "ba netwok", ni ma haka, har sau uku ina kiran kamfani. Ran nan na kai hannu zan kashe akwatin in sake kunnawa, sai na ji kamar na taɓa murfin tukunya. Yana zaune a kan dikoda, cikin kanta, a ɗaki mai rufin kwano, kuma an lulluɓe shi da wani ɗan kyalle mai ado. Na ce, "Umma, wa ya rufe wannan?" Ta ce, "Ni ce mana, tun hunturu, saboda ƙura." Tana da gaskiyarta. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa abin nan yana shan iska ta 'yan kafofin jikinsa.

Ku lura, abu uku ne muke haɗawa mu kira netwok: sabis da ke zuwa daga kamfani, da waifai da ke yawo cikin ɗakuna, da shi akwatin da ke tsakaninsu. Muddin na ukun ba shi da suna a bakinmu, ba za mu tuhume shi ba. Alhali gwajin ba wuya. In mai layi ne, cire layin ka sa a waya daidai lokacin da abin ya ɗauke. In wayar ta samu intanet, ka wanke kamfani. In kuma ka ga sunan waifai ya ɓace daga wayarka, fitilun akwatin sun mutu sun dawo ba tare da an ɗauke wuta ba, to shi ne ke kashe kansa yana tashi.

To, me za mu kira shi? Ga sunayen da na ji 'yan'uwa sun kawo, da ra'ayina a kan kowanne.

"Na'urar rarraba intanet" daidai ce, amma bayani ce. Ba mai aiken yaro ya ce masa je ka kashe na'urar rarraba intanet. "Rauta" kuwa ta riga ta shiga kasuwa, kuma ba ni da faɗa da aro. Da aro muka samu mota da kwamfuta da fanka. 'Yan'uwanmu na Nijar ma abin da suka ɗauko daga Faransanci bai yi nisa da ita ba. Aibinta ɗaya: ba ta gaya wa Umma komai game da aikin abin.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ɗan kamasho", kuma wallahi ya gane aikin. Duk abin da ka aika ko ka karɓa ta intanet, gutsuttsura shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshi a goshinsa. Akwatin ne ke ba kowace waya da kwamfuta a gidan lambarta, shi ne ke duba ƙunshi ya ce wannan na wayar Yaya ne, wancan na talabijin ne, wannan kuma waje zai fita. Kamar dai mai tsayawa a tasha yana cewa na Zariya nan, na Katsina can. Zan riƙe misalin don koyarwa, amma sunan mutum ne mai sana'arsa, zai kawo ruɗu. An kuma ce "madugu". Shi madugu tare da ayari yake tafiya, wannan kuwa ba ya motsi daga inda aka aje shi.

Wata 'yar'uwa ce ta matso da mu kusa da ta ce "mararraba". Kalmar Turancin ma daga hanya ta samo asali. Sai dai mararraba wuri ce, ba ta zaɓa wa matafiyi hanya. A Marabar Jos direba ne ke karya kan mota. Amma harshenmu ya riga ya tanadi mafita. Inda ake yin abu yakan ƙare da a: makaranta, majema, mahauta. Abin da ake yin aiki da shi yakan ƙare da i: mabuɗi, makulli, madubi, magogi. Ashe daga rarraba, wuri shi ne mararraba, kayan aiki kuma mararrabi. Jam'insa mararrabai, kamar mabuɗai da madubai. Ku gwada a baki: kashe mararrabin nan, mararrabinmu ya tsufa. Ni dai ya zauna mini daram.

Na san masana za su ce akwatin gida aiki fiye da ɗaya yake yi, shi ne modem mai karɓo sabis daga kamfani, shi ne mai watsa waifai, shi ne mai ramukan sa kebul. Haka ne. Amma masu Turancin ma da aiki ɗaya suka sa wa akwatin duka suna. A kasuwa a ce rauta, a rubutu da koyarwa a ce mararrabi. Matsayata ke nan.

Sai sunan ciwon. Makanikai na cewa obahitin, wani kuma ya ba da shawarar zazzaɓi. Ina ganin ba ma bukatar ko ɗaya, domin Hausa ta raba ɗumi da zafi. Mararrabi mai aiki dole ya yi ɗumi, wannan lafiyarsa ce. In ya kai hannu ba ya iya daɗewa a kansa, ya ɗauki zafi. Ɗaukar zafi ta wadatar. Galibin na gida ba su da fanka. Wani ɗan ƙarfe ne a kan ƙwaƙwalwar akwatin ke zuƙe zafin, iska ta kwashe ta kafofi. Duba takardar da ke cikin kwali, da yawa an rubuta su yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, rana a watan Afrilu takan wuce 40, tun kafin a zo maganar kwano da kanta da kyalle. In ƙwaƙwalwar ta ji zafi sai ta sassauta gudu don ta ceci kanta, shi ne jan ƙafar nan. In bai yi ba, ta kashe kanta.

Abin da na yi kaɗan ne. Na cire shi daga wuta na bar shi ya huce, na share kafofin da busasshen burushin haƙori, ƙura ta fito kamar garin tuwo. Na raba shi da dikoda, na rataye shi a bango a sarari, inda rana ba ta kaiwa. Kada a sa shi a firji, in ya fito zai yi gumi daga ciki. A taɓa cajarsa ma, domin caja mai mutuwa tana kawo irin wannan ɗaukewar, kuma in za a sauya a duba bolt ɗin da ke rubuce a jiki, 9 ne ko 12, a sayi daidai shi. Masu maifai, wato ƙaramin mararrabi na aljihu mai batir, in batir ya kumbura a daina aiki da shi nan take.

Kalma ɗaya ta rage mini. Kashewa da kunnawa daban, danna ɗan ramin nan na baya da tsinke daban. Na farkon ba ya taɓa komai, na biyun kuwa yana goge sunan waifai da kalmar sirri da duk saitin da aka yi, ya mayar da shi yadda ya fito daga kwali. Mutane na rikita su, kuma zafi ba ya jin maganin tsinke. Na farkon na ce "sake kunnawa", na biyun ina tunanin "wanke saiti". Malamai masu gyara a Farm Centre da sauran kasuwannin waya, ku da kuke yi kullum, me kuke ce wa mai kaya kafin ku danna ramin nan?