Neman shawara: an cire sha1_to_hex daga Git, manhajarmu ta ƙi haɗuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gaji wata manhaja a wurin aikinmu wadda aka gina kai tsaye a kan kod ɗin Git (manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod), wanda ya rubuta ta ya bar aiki tun kafin zuwana, kuma shugabana yana son a sabunta ta kafin Litinin. Da na ɗora ta a kan Git 2.25, sai ta ƙi haɗuwa saboda babu sha1_to_hex, aikin kod da ke mayar da hash na SHA-1 (lambar da Git ke lissafawa daga abin da ke cikin fayil don gane shi) zuwa rubutu mai harafi 40, alhali muna kiransa a wurare da yawa. Ina tunanin in sake rubuta shi da kaina. Shin akwai laifi?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka dawo da abin da aka cire da gangan. Jeff King ya cire shi a 2019, lokacin da mai kiransa ɗaya kawai ya rage, wato wurin da ake buga saƙo idan an gano karo a SHA-1, wato fayil biyu masu hash ɗaya. Tun da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka nuna a 2017 cewa fayil biyu mabambanta na iya samun hash na SHA-1 ɗaya, Git ya fara shirin karɓar SHA-256, wani tsarin hash wanda harafi 64 ne, ba 40 ba. Ka yi amfani da oid_to_hex ko hash_to_hex, waɗanda ke bin tsarin hash ɗin da ma'ajiyar kod ɗin ke amfani da shi.

Hajiya Binta: Ni na bi irin wannan shawarar, na maye gurbin kowane kira baki ɗaya, sai hash_to_hex ya bi tsarin ma'ajiyar a wurin da SHA-1 kaɗai ake nufi. Kwana uku ina nema, kuma wanda ya duba kod ɗin bai taɓa amsa laifinsa ba. Layi uku da ke kiran hash_to_hex_algop, wanda kai ne ke zaɓa masa tsarin hash, sun ishe ka sake rubuta sha1_to_hex.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya. Malam, ma'ajiyarmu duka SHA-1 ce, ba mu da niyyar canzawa, kuma babu gwaji ko ɗaya a manhajar da zai nuna mini idan na ɓata wani abu.

Malam Sani: To rashin gwajin ne ciwonka. Wane irin bayani kuke miƙa wa sha1_to_hex, object_id ne (tsarin da Git ke riƙe hash a ciki) ko bayit 20 zalla? Ba ka faɗa ba.

Mai tambaya: Ban duba duka ba tukuna, Malam, amma Litinin ɗin ba za ta ɗaga ba.