Neman kalma: me za mu kira "kompozit" da Hausa?

1/ Ƙanwata mai sikila ta dawo daga ganin likita a nan Jos. Kan ƙashin kwatangwalonta ya lalace saboda jini ba ya isa wurin, ana maganar sa mata gaɓar wucin gadi. Mama ta ce, "Da me ake yin ta?" Na ce ƙarfe, na ce roba, sai na maƙale a kalmar da likita ya yi ta maimaitawa: kompozit.

2/ Tun 1962 likitan ƙashi John Charnley a Ingila ya daidaita tsarin da aka saba: sandar ƙarfe a cikin ƙashin cinya, kanta na juyawa cikin ƙoƙon roba mai tauri. Sai dai ƙarfe ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba. Shi ke ɗauke nauyin, ƙashin da ke kewaye ya rasa aikin yi, ya riƙa zaizayewa. Shi ya sa masu bincike ke saƙa zaren kabon cikin wata roba mai ƙarfi da ake kira PEEK, don a samu abin da ke ɗan lanƙwasa kamar ƙashi. Irin wannan haɗin abu biyu shi ne kompozit.

3/ Wani ya ce "gauraye". Gauraye ya yi faɗi, gari da sukari ma gauraye ne. Wani ya ce "gami". Mu 'yan garin kuza mun san gami: a narka kuza da jan ƙarfe, su zama tagulla, ba ka sake ganin ɗayansu. Kompozit kuwa kowanne na nan da halinsa.

4/ "Haɗin gwiwa" ta yi daidai da ma'anar, amma a ɗakin da ake aikin gwiwa ta gaske za ta rikita majinyaci.

5/ Ni dai ina kan "haɗin ramno". Magina na cuɗa ciyawa cikin ƙasar gini. Ƙasa ta riƙe nauyi, ramno ya hana katanga tsagewa. In ka fasa katangar za ka ga ciyawar da idonka. Ƙashinmu ma haka Allah Ya yi shi: zaren kolajin mai danƙo a cikin sinadarin kalsiyam mai tauri.

6/ Na gwada wa Mama. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe gini za a yi mata." Masu aikin asibitin ƙashi na Dala da malaman Hausa, ku faɗa min ko yaran birni da suka tashi cikin gidan bulo za su gane ramno.