Muhawara: Wasan foka sana'ar lissafi ce, ko caca ce da ta sha ado?

Autan zaure, Barnawa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya bayan sallar isha'i mun yi gardama da wani abokina a teburin mai shayi, inda na ce masa kartar nan da ake kira foka ba ɗaya take da cacar ƙwallo ba, domin duk wanda ya koyi lissafinta, ya kuma iya riƙe zuciyarsa, zai riƙa cin riba idan aka daɗe ana bugawa. Shi kuwa ya ce duk kanwar ja ce. Hujjar da na ba shi ita ce, a shekarar 2003 wani akanta ɗan Amurka mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga babbar gasar duniya ta Las Vegas ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya kuma tashi da dala miliyan biyu da rabi. Ina neman masu ilimi su raba mana wannan gardama.

Malam, malamin lissafi, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Auta, rabin maganarka gaskiya ce, amma ka ɗauko hujjar da ta fi kowace rauni. Mutum ɗaya da ya ci gasa ɗaya a cikin mutane 839 ba ya tabbatar da gwaninta, hasali ma abokinka zai iya karɓe wannan labarin ya mayar da shi hujjar sa'a. Da ka kawo abin da ya faru a birnin Pittsburgh a shekarar 2017 da ya fi, lokacin da wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, wadda masana na Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu na tsawon kwana 20, aka yi rabon kati sau 120,000, ta kuma cinye su da rata mai faɗi. Sa'a ba ta bin mutum har sau dubu ɗari da ashirin.

Bari in nuna maka inda gwanintar take a nau'in da aka fi bugawa, wato Texas Hold'em. Katuna 52 ne, iri huɗu, kowane iri guda 13. Ana ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a karon farko, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. A ce kana riƙe da biyu masu alamar zuciya, an buɗe huɗu a tsakiya, biyu daga cikinsu su ma masu zuciya ne, kana jiran na biyar domin ka haɗa katuna biyar iri ɗaya, wanda hannu ne mai ƙarfi. Katunan da ba ka gani ba 46 ne, masu zuciya da suka rage a cikinsu tara ne, saboda haka damarka ba ta kai ɗaya cikin biyar cif ba. To, idan akwai naira 8,000 a tsakiya, abokin karawarka ya zuba 2,000, kai ma 2,000 za ka biya domin neman 10,000, kuma wannan ciniki ne mai kyau, domin ko sau ɗaya cikin shida kake ci ba ka faɗi ba. Idan kuwa 8,000 ya zuba, sai ka riƙa ci sau ɗaya cikin uku kafin ka mayar da kuɗinka, alhali damarka ba ta kai haka ba, don haka ajiye katin shi ne daidai. Katunan hannunka ba su canza ba, farashin ne ya canza. Mafi yawan masu wasa ba sa duban farashi, abin da kawai suke ji shi ne jikinsu ya ba su cewa katin zai fito.

Abu na biyu shi ne haƙuri. Gwani a tebur mai mutum shida yakan ajiye kusan kashi uku cikin huɗu na katunan da aka raba masa tun kafin a buɗe komai, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na uku kuma wurin zama ne, domin wanda magana ke zuwa kansa a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, shi ya sa ya kamata a faɗaɗa wasa, wato a yawaita katunan da ake shiga da su, a wannan kujera, a ƙuntata shi a kujerun farko.

Alhaji, Kasuwar Barci:
Malam, Allah ya ƙara basira, lissafinka ya fita, sai dai ni ɗan kasuwa ne, kuma tambayar farko da nake yi wa kowace harka ita ce daga ina ribar take fitowa. Idan na sari atamfa na sayar, mai saye ya tafi da atamfa, ni na tafi da riba. A wannan tebur kuwa babu hajar da ake sayarwa, duk nairar da ta shiga aljihun wani daga aljihun na kusa da shi ta fito. Kuma ba ka ambaci mai gida ba, wato mai wurin wasan, wanda ke cire kamashonsa daga kuɗin tsakiya a kowane zagaye. Mu ɗauka mutum shida ne, kowa ya zo da naira 20,000, wato 120,000 ke nan. Idan kuɗin tsakiya yakan kai 6,000, mai gida na cire biyar cikin ɗari, ya ɗauki 300 ke nan. Zagaye 30 a awa ɗaya ya ba shi 9,000, kafin a yi awa huɗu ya kwashe 36,000, kusan sulusin abin da aka zo da shi, ba tare da ya riƙe kati ko ɗaya ba. Saboda haka bai isa ka fi abokan wasanka iyawa ba, sai ka fi su da ratar da za ta biya mai gida sannan ta bar maka wani abu.

Na taɓa riƙe wani yaron shago mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda yake haɗa kuɗin yadi goma sha bakwai da ka kafin in lalubo kalkuleta. Wata uku ina ganin gibi a ciniki, ashe a waya yake buga irin wannan karta da dare. Ranar da na zaunar da shi a bayan shago bai yi musu ba, ya ce shi ma so yake ya mayar da abin da aka ci masa sannan ya daina.

Autan zaure, Barnawa:
Baba Alhaji, na ji maganar kamasho, amma ai shi ya sa masana wasan ke cewa zaɓen tebur rabin riba ne, wato ka nemi inda kamashon yake da sauƙi, masu wasan kuma ba su ƙware ba. Har wani alƙalin kotun tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke hukunci a shekarar 2012 cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a wasan foka.

Hajiya, Malali:
Ɗana Auta, ka sake karanta abin da ka rubuta da kyau. Ka ce a nemi teburin waɗanda ba su ƙware ba, ma'ana ribar gwani ita ce asarar wanda bai iya ba, kuma da bakinka ka tabbatar da maganar Alhaji. Wanda bai iya ba ɗin nan ɗan wata ne, ko mijin wata, kuma mu mata mu muke ganin yadda cefane ke raguwa a gida ba tare da an faɗa mana dalili ba. Game da hukuncin da ka kawo, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a shekarar 2013, ko da yake ba a kan batun gwaninta ta soke shi ba, ta ce dai dokar caca ta hau kan wasan ko da gwaninta a ciki. Mu kuma ma'auninmu ba na kotun Amurka ba ne. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai wani amfani ga mutane a cikin giya da caca ba, amma ta ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma, sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka yi umarni da a nisance su, suka kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Abin da aka duba shi ne sa kuɗi a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, wani ya ci wani ya rasa, ba yawan basirar mai ci ba.

Malam, malamin lissafi, Unguwar Rimi:
Hajiya, ban yi jayayya da ke ba ko kaɗan, kuma ina so a rarrabe tambayoyi biyu da Auta ya cakuɗa. Ko akwai gwaninta a wasan? Akwai, lissafi ya nuna. Ko gwanintar ta fitar da shi daga caca? Ba ta fitar da shi ba muddin da kuɗi a tsakiya. Ni abin da nake amfani da shi a aji misalin katunan ne kawai, domin ɗalibai sun fi saurin gane darasin yiwuwa da su fiye da ƙwallaye ja da baƙi a cikin buhu.

Sannan ko gwanin ma sa'a ba ta sake shi ba. Mafi ƙarfin abin da za a raba maka shi ne katuna biyu masu harafin A, kuma sau ɗaya cikin 221 suke zuwa. Idan suka haɗu da mai riƙe da sarki biyu, wato masu harafin K da ke bi musu a ƙarfi, aka zuba komai tun kafin a buɗe na tsakiya, mai sarakunan zai ci kusan sau 18 cikin ɗari. Wato ka yi komai daidai, ka jira awanni, kuma kusan sau ɗaya cikin biyar ko shida ka tashi hannu rabbana.

Yaya, akanta, Kawo:
A nan ne nake so in sa baki, tunda aikina riƙe littafin kuɗi ne. Saboda wannan hawa da sauka da Malam ya bayyana, masu buga foka a matsayin sana'a sukan ce kada mutum ya zauna a tebur sai yana da jarin da ya ninka kuɗin shiga sau 20 zuwa 30 aƙalla, jarin da aka ware shi daga kuɗin haya da na makarantar yara, kuma idan ya ragu a koma ƙaramin tebur ba tare da jin kunya ba. Teburin naira 20,000 ke nan yana neman ajiyar 400,000 zuwa 600,000 wadda mutum zai iya rasawa ya yi barci. Matasa nawa ne a Kaduna ke da irin wannan rarar? Sukan kuma ce a tashi da zarar zuciya ta hau, domin wanda aka ci ya fusata yakan fara bin kowane kati da yin burgar da ba ta da tushe, ya zubar a awa ɗaya abin da ya tara a wata guda.

Kuma sanin lissafi bai ba kowa wannan riƙon kai ba. Stu Ungar ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, ana kuma lissafa shi cikin mafi hazaƙar da aka taɓa gani a wasan, amma a 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, bayan miyagun ƙwayoyi da wasu cacace-cacacen sun cinye dukiyarsa. Ƙanena, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ina son amsa da alƙaluma. Tun da ka fara, nawa ka zuba, nawa ka cire, kuma a ina ka rubuta?

Autan zaure, Barnawa:
Yaya, gaskiya ban taɓa rubutawa ba, amma a raina na san ina kan riba, domin akwai daren da na ci naira 47,000 a zagaye ɗaya. Ina riƙe da tara biyu, aka buɗe tara ta uku a tsakiya, na yi shiru kamar ba ni da komai har mutumin ya zuba duk abin da ke gabansa.

Yaya, akanta, Kawo:
Wannan daren kam ba za ka manta da shi ba, har katunan ka riƙe da ka. Darare nawa ne na dubu biyar biyar da suka tafi waɗanda ba za ka iya faɗa mini ko ranarsu ba? Ba sai ka yi dogon tunani ba, saƙonnin banki suna cikin wayarka. Ka buɗe su tun daga watan da ka fara, ka ware abin da ya fita zuwa wurin wasan a gefe ɗaya, abin da ya dawo a ɗaya gefen, muna nan muna jira.

Autan zaure, Barnawa:
Na duba na wata biyar, Yaya. Abin da ya fita naira 212,000 ne, abin da ya dawo 163,500, har da na wancan daren a ciki. Sai dai ina ganin wata biyar bai isa a yanke hukunci ba, tunda Malam da kansa ya ce sai an daɗe ana bugawa gwaninta ke bayyana.

Malam, malamin lissafi, Unguwar Rimi:
Haka na ce, kuma ban janye ba, wata biyar bai isa ya nuna ko kai gwani ne ba. Amma ita manhajar da ta buga sau 120,000 ba da kuɗinta ta buga ba, kai kuwa naira 48,500 ka riga ka biya, kuma ko kusa da wancan adadin ba ka kai ba. Ka zo gida ranar Asabar bayan la'asar da kartarka, zan sa a auno mana wake rabin mudu mu raba a matsayin kuɗi, mu ga sau nawa za ka faɗi farashin daidai kafin ka bi.