Gwanjon ƙofar gida a Columbus: yaya ake shiga, kuma me ake gani?

Baƙon Columbus ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka riga ni zama a Amurka, musamman mazauna jihar Ohio. Karatu ne ya kawo ni Columbus, kuma tun da sanyi ya ja baya nake ganin wani abu kowace safiyar Asabar idan na fita tattaki a unguwar Clintonville. Ana liƙa kwalaye a jikin turakun lantarki da bakin mararraba, an zana kibiya an rubuta adireshi, idan mutum ya bi kibiyar sai ya tarar an buɗe garejin wani gida, an jera tebura har bakin titi, an baza tufafi da tukwane da littattafai da kekunan yara, masu gidan kuma suna zaune a kan kujeru suna karɓar kuɗi. Abin da suke kira garej sel ke nan.

Har yanzu ban taɓa shiga ba, domin ƙafata tana yi mini nauyi in taka harabar gidan mutumin da bai san ni ba, bai kuma gayyace ni ba. Shin kowa yana iya shiga, ko kuwa abin na maƙwabta ne kawai? Idan na taya kaya ƙasa da farashin da aka rubuta, ba za a ɗauke shi cin fuska ba? Sannan gaskiya ba sayayyar ce ta fi jan hankalina ba. A ranakun aiki titunan unguwar nan shiru suke, ba a ganin kowa sai motoci da masu yawo da karnuka, amma ranar gwanjon sai in ga mutane tsaitsaye suna hira. Shin bin waɗannan wurare hanya ce ta sanin gari da mutanensa, ko kuwa ina ɗora wa abin nauyin da ba shi da shi?

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da zuwa. Ka sauke nauyin ƙafar nan, domin kwalin da ka gani a jikin turke shi ne gayyatar, kuma wanda ya liƙa shi babu abin da yake tsoro kamar rana ta take ba a kwashe masa tarkacensa ba. Iyakarka dai inda aka baza kayan, wato gareji da farfajiya. Cikin gida ba naka ba ne, ko da ka ga ƙofa a buɗe. Ka yi gaisuwa idan ka iso, ka yi godiya idan za ka tafi, ko ka saya ko ba ka saya ba. Kada kuma ka je kafin lokacin da aka rubuta, domin akwai 'yan kasuwa masu sammako da suke ƙwanƙwasa wa mutane ƙofa tun ana shimfiɗa tebura, kuma ba a ganin su da mutunci.

Tayi halas ne, har ma ana sa ran sa, sai dai yana da ladabinsa. Abin da aka rubuta wa dala biyar kana iya tambaya ko za a bar maka a uku, amma ba a taya abin senti 50, kuma ba a kushe kaya don a karya farashinsa, domin mai sayarwar ba ɗan kasuwa ba ne, wataƙila tukunyar da kake kushewa mahaifiyarsa ce ta bar masa. Idan ka tara abubuwa da yawa ka nemi a yi maka kuɗi ɗaya, nan ne ragi yake fitowa. Ka riƙe ƙananan takardun dala ɗaya da biyar, domin miƙa wa mutum dala hamsin da sassafe kan littafin dala ɗaya takura ce. Mai son kaya mai kyau yakan je da wuri ranar Juma'a ko Asabar, mai son araha kuwa yakan jira bayan azahar, lokacin da masu gida suka gaji, suka fara tunanin loda ragowar a mota su kai kyauta ga Goodwill, ƙungiyar agaji mai shagunan kayan gwanjo.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ban ga ka ɗora wa abin nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Na yi shekaru ina tuƙi a garin nan, na san tituna, amma a bakin tebura na fara sanin mutane. Teburin da ka ga an cika shi da gadon jariri da ƙananan takalma yana gaya maka yaran gidan sun tasa. Inda ka ga sandar dogarawa da keken guragu da kayan aikin kafinta, sau da yawa dattijon gidan ne ya rasu ko aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi. Inda ka ga ana sayar da injin kwashe dusar ƙanƙara a tsakiyar bazara da araha, ka tambaya, ba mamaki a ce maka Florida za a koma. Kuma da wuya ka wuce gida uku ba ka ga riga mai launin ja da toka ta ƙungiyar ƙwallon jami'ar Ohio State ba. Idan kaka ta shigo, ranar Asabar ɗin da suke wasa, da kanka za ka ga yadda masu saye suke watsewa kafin a fara.

Ka gwada unguwar German Village da ke kudu da tsakiyar gari, wadda Jamusawa 'yan ci-rani suka gina a ƙarni na 19, mai titunan jan bulo da ƙananan gidaje a matse. Sukan ware rana guda a watan Mayu unguwar gaba ɗaya ta fito da kaya, mutum ya yi ta bi gida-gida da ƙafa. Bayan nan ka je Dublin ko Westerville, garuruwan da ke gefen Columbus, ka kwatanta, inda gidaje suke da faɗi da gareji mai cin mota biyu ko uku, kayan kuma wasu ko ledarsu ba a cire ba.

Maman Biyu ta amsa:

Sallama gare ku. Alhaji ya gama magana kan ladabi, ni ta ɓangaren mata da masu iyali zan ƙara. A Greensboro nake, jihar North Carolina, inda 'yan Nijar muke da yawa, kuma kusan duk wadda ta zo sabuwa da irin wannan gwanjon ta haɗa ɗakin girkinta. Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne rashin kunyar abin. A gida idan mace za ta rabu da kwanukanta ko zannuwanta, dillaliya take ba wa a asirce don kada a ce talauci ya kama gidan, amma a nan likita ma yakan baza tsofaffin takalmansa a ƙofar gida, maƙwabcinsa ya saya ya sa, su haɗu gobe babu wanda ya sunkuyar da kai.

Akwai wani nau'in da ya kamata ka sani, Malam, wanda ake yi idan mai gida ya rasu ko zai bar gidan gaba ɗaya. Shi wannan cikin gidan ake shiga, ɗaki bayan ɗaki, kuma yawanci kamfani ne magada suke ɗauka ya sa wa komai farashi, tun daga kujerun falo har cokula da tawul ɗin banɗaki, a rana ta ƙarshe kuma a kan karya farashin, sau da yawa zuwa rabi. Da yake muna kusa da High Point, garin da ya yi suna da sana'ar kayan katako, a irin waɗannan gidaje ake samun tebura da kabad masu ƙwari. Sai dai ban taɓa fita daga irinsu da sakakkiyar zuciya ba, domin har hotunan aure da wasiƙu nakan gani a kwali an rubuta musu dala biyu. Ba na saurin cewa 'ya'yan ba su da tausayi, domin wani yana California wani yana Texas, kowa gidansa a cike, kuma ana son a sayar da gidan. Amma a nan na fahimci yadda tsufa yake a ƙasar nan fiye da yadda wani zai ba ni labari.

Ga gargaɗi kuma. Kada ka sayi katifa ko kujera mai laushi ba ka duba ɗinkinta da kyau ba, saboda kuɗin cizo, wanda idan ya shiga gidan haya fitar da shi ya fi kuɗin kujerar nesa ba kusa ba. Kujerar jariri ta mota tana da ranar daina aiki a jikinta, kuma ba ka da hanyar sanin ko ta taɓa shiga hatsari. Gadon jariri mai gefen da ake zugewa ƙasa an hana sayar da shi tun 2011 saboda ya kashe yara, amma har yanzu yana fitowa daga ɗakunan ajiya. Idan kuma tsarabar gida kake tarawa, ka tuna wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 240, don haka injin markaɗen da ka samu a dala huɗu zai ƙone ranar da aka jona shi a Kano ko Damagaram idan babu taransifoma.

Na Morse Road ya amsa:

Ina girmama maganar Alhaji da ta Hajiya, amma ina da ja kaɗan. Wanda ya ce zai san Columbus ta bakin gareji, Columbus ɗin masu gareji zai sani. Kafin mutum ya yi wannan gwanjo sai yana da gida mai farfajiya, da rarar kayan da suka yi masa yawa, da Asabar ɗin da ba ya aiki. Mu da muke zaune a gidajen haya na bene a wajen Morse Road da Cleveland Avenue, tare da Somaliyawa da 'yan Nepal da 'yan Ghana da Senegal, akasarinmu ranar Asabar muna rumbunan ajiyar kaya ko kan hanya, kuma masu gidajen ba sa barin a baza kaya a harabarsu. Kayanmu ta WhatsApp da Facebook suke sauya hannu, ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko a ajiye su kusa da kwandon shara don mai bukata ya ɗauka.

Shi kansa Clintonville ɗin da kake tattaki, ɗan'uwa, ka tsallaka babbar hanyar 71 zuwa gabas ka shiga Linden, tafiyar 'yan mintuna ce a mota, za ka ga gwanjon ya sauya kama. A can za ka tarar da wanda yake fito da tebur kowane mako, ba don ɗakin ajiyarsa ya cika ba, sai don kuɗin wuta ko na haya. Shi ba ya ce maka ka ɗauka kawai idan yamma ta yi, kuma bai kamata ka matsa masa da tayi yadda za ka matsa wa na Dublin ba. Ban ce kada ka bi shawarar Alhaji ba, amma ka bi ta a ɓangarorin hanyar biyu.

Baƙon Columbus ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsalata ɗaya ita ce ba ni da mota, bas ɗin COTA, wato bas ɗin haya na cikin gari, nake hawa. Shin hakan zai yiwu, ko sai na jira na samu abin hawa?

Tsohon Direba ya amsa:

Zai yiwu, ƙanena, muddin ba kabad za ka saya ba. Bas ɗin da ke bin High Street yana ratsa Clintonville ya gangara har kusa da German Village, kuma unguwannin biyu na tafiya da ƙafa ne. Ka duba shafin tallan kaya na Craigslist ko Facebook tun daren Alhamis, ka nemi inda aka ce unguwa guda ce za ta fito tare, domin a nan za ka ga gidaje da yawa a titi ɗaya ba tare da ka sha rana ba. A ƙarshen Yuli da farkon Agusta kuma, lokacin da yarjejeniyar hayar ɗalibai take ƙarewa a kewayen jami'a, tebura da fitilu a bakin titi ake barin su.

Maganar ɗan'uwanmu na Morse Road gaskiya ce, ban musa ba, kuma in kana son ganin wani ɓangaren da mu duka ba mu ambata ba, wato karkarar Ohio, akwai gwanjon hanyar 127. An fara shi a 1987 a garin Jamestown na jihar Tennessee, yanzu kuma yana miƙewa mil 690 daga Addison a Michigan har Gadsden a Alabama, yana ratsa jihohi shida, ana yin sa kwana huɗu daga Alhamis ta farko a watan Agusta. A Ohio yana bi ta yammacin jihar, ta Van Wert da Celina da Greenville, inda manoma suke fito da tsofaffin kayan gona da kwalaben zuma a bakin gonakin masara. Wannan kam sai da mota, kuma tafiyar ta kai awa biyu daga Columbus. Idan Allah ya kai mu lokacin ka yi mini magana ta akwatin saƙo, akwai wuri a motata, amma ka zo da ruwan sha da hular rana, domin zafin Agusta a can ba wasa ba ne.